Ka Gaida Abokinka Na Damari

Shekara huɗu ke nan, a wannan kakar, da muka kai Kawu Mamman makwancinsa a Ƙanƙara. Duk shekara idan dawa ta fara ja a gonaki nakan ce zan rubuta wani abu a kansa. Sai in ɗauki biro, in jera kalmomi masu ƙamshi irin waɗanda na saba, in karanta, in ji kamar na fesa turare a kan rigar da ba a wanke ba, in yage takardar. Bana na ce zan faɗi abin da ya faru kurum, ba ado. Wanda ya san ni ya san wannan ba ƙaramin aiki ba ne a wurina.

Kawu Mamman ƙanen mahaifiyata ne, ita ta goya shi bayan rasuwar uwarsu. Manomi ne ɗan 'Yargoje. Da kwana a ƙauye ya yi wuya saboda ɓarayin daji sai ya kwaso iyalinsa ya dawo cikin Ƙanƙara, amma bai saki gonarsa ba, kullum yana kan babur yana zuwa yana dawowa. Shi ya koya mini haɗa baƙin boko tun kafin a sa ni makaranta. Ni kuwa tela ne. A ƙarƙashin kekena akwai kwali cike da littattafan soyayya na kasuwa, waɗanda na fara tarawa tun ina ɗan firamare. A cikinsu na koyi yadda ake kallon duniya: kowane mutum ko dai masoyi ne ko maƙiyin masoya, kuma ni ne jarumin da ba a gane darajarsa ba tukuna.

Kawu ne ya buɗe mana zauren hira a waya, wanda matasa ke kira gurup. Ya tara manoman Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa wuri guda, don a riƙa sanin inda ruwa ya sauka, da hanyar da ke da lafiya, da wanda ya rasu, da wanda dabbarsa ta ɓace. Dokokinsa biyu ne. Ta farko, ba mai shiga sai wani na ciki ya tsaya masa, kamar yadda baƙo ba ya sauke kaya a kasuwar hatsi sai da mai masauki. Ta biyu kuwa a kansa ya ɗora ta. Da yawa daga cikin dattawan zauren ba sa karanta boko, saboda haka kullum bayan la'asar sai ya shimfiɗa tabarma a gindin bishiyar bedin ƙofar gidansa, ya bi duk saƙonnin da aka rubuta a ranar ɗaya bayan ɗaya, ya karanta su da murya ya tura. Ba ya ƙarawa, ba ya ragewa. Yakan ce kunnen wanda bai iya karatu ba amana ce a hannun wanda ya iya.

Ba ya cire kowa. Idan mutum ya fara tada ƙura, sai ya kira shi a waya su biyu. Idan bai ji ba, sai ya hau babur ya je har gidansa, ya sha ruwa, ya tambayi lafiyar iyali, sannan ya kawo maganar. Alhaji Garba na Faskari, wanda bakinsa ya fi barkono zafi, sau uku Kawu yana zuwa masa. Da aka tambaye shi me ya sa ba zai danna waya kawai ya huta ba, sai ya ce, "In na hidda shi, bakin shi na nan tare da shi. Abin da ya sake kurum, ni na bar jin abin da shike hwaɗi."

To, a wannan zaure ne na ga ya dace in saka babin farko na littafin da nake rubutawa. A raina na riga na ga dattawa suna share hawaye. Abin da na manta shi ne wanda zai karanta. Bayan la'asar sai ga muryar Kawu, muryar nan da yake sanar da isowar taki, tana cewa, "Ya ke fitilar zuciyata, tun ranar da idanuna suka sauka a kan naki barci ya yi mini ƙaura." Haka ya bi shafi biyu cur, bai tsallake ko wasali ba.

Zaure ya kece da dariya. Alhaji Garba ya turo murya yana tari don dariya: "Mamman, tambayam mani yaron nan, hitilar tashi ta batir ce ko ta kananzir? In ta kananzir ce shi rage lagwani, kar ta ƙone mashi shago." Baba Tanko na wajen Sabuwa, tsohon Bamaguje da ya koma Kirista, wanda ba ya cika magana, shi ma ya ce, "Ni dai ban ji inda aka ce yarinyar ta iya tuwo ba." Daga ranar sunana ya koma Fitila. Har masu kawo ɗinki sai su leƙo su ce, "Fitila, an gama wandon?"

Washegari Kawu ya zo shago ya zauna a kan benci. Ya ce, "Sanusi, ka iya rubutu, wanga ba gardama. Amma ka kai shi inda ake neman shi. Surukaina na cikin zauren nan, kuma da bakina nike karantawa." Ya yi murmushi, ya dafa kafaɗata, ya tafi. Yau na san ba a taɓa yi mini gyara mai taushi kamar wannan ba. A ranar kuwa abin da na gani shi ne azzalumin da ya tozarta jarumi a bainar jama'a. Kuma na san abin da jarumi ke yi a irin wannan babi: yakan ɓace, ya dawo da wata kama.

Na sayi sabon layi. Na je na gaya wa Kawu ina da aboki manomi a Damari yana son shiga zaure. Ya dube ni ya ce, "Kai ka tsaya mashi?" Na ce ni na tsaya masa. Ya karɓi lambar ya saka, bai ko tambayi sunan mutumin ba.

Da ƙananan abubuwa na fara. In ce mutanen Faskari sun cika surutu, in koma gefe ina kallon yadda ake cacar baki. In ce ana fifita labarin Ƙanƙara a kan na Sabuwa. Kawu yana karantawa duk, yana kuma bin mutane yana lallashi. Ni kuwa ina shago ina jin daɗi irin na marubucin da ya ga mutanen littafinsa suna motsi. Ban taɓa tura murya da layin ba, rubutu kurum.

Sai kaka ta zo. A shekarar mutane da yawa ba su iya zuwa gonakinsu ba saboda ɓarayin daji. Gonar Kawu tana kusa da titi, Allah ya kuma yi mata albarka. Wata safiya, tsakanin yanka riga da ɗaura zare, na rubuta wannan:

"Tambaya ce kurum. Gonakin bayin Allah sun zama kufai, amma akwai mai karanta mana saƙo da dawarsa ta yi kai har tana sunkuyawa, yana zuwa yana dawowa ko ƙaya ba ta taɓa shi ba. Wa yake gaisarwa a hanya?"

Mai karatu da ke nesa da mu zai iya ganin wannan habaici ne kawai. A ƙasarmu ma'anarsa ɗaya ce: infoma, mai kai wa ɓarayi rahoto. Kalma ce da idan ta manne wa mutum, ba a jiran alƙali. Na san haka sarai. Ba zan ce ban sani ba. Abin da ke kaina a lokacin shi ne yadda jimlar ƙarshe ta zauna daram, irin wadda ake rufe babi da ita a bar mai karatu da zumuɗi.

Na ɗauka zai tsallake ta. A gaskiya abin da nake jira ke nan, don in fito in ce ga shi yana ɓoye abin da ya shafe shi. Bayan la'asar na tsayar da keke na kara waya a kunne. Ya karanta sanarwar wani rago da ya ɓace. Sannan ya karanta tawa, kalma bayan kalma, muryarsa ba ta sake ba. Da ya kai ƙarshe sai ya yi shiru. A cikin shirun ana jin wata akuya tana kuka a bayansa, ana jin ya ja numfashi. Sai ya ce, "Saƙo na gaba," ya shiga sanarwar suna. Saƙon muryar yana nan a wayata. Na ƙirga shirun sau da yawa, bai kai a sha ruwa a ajiye kofi ba, amma shekara biyar ke nan ban fita daga cikinsa ba.

Zaure ya kama da wuta. Wasu na cewa a cire mai lambar, wasu na cewa a dai ba shi amsa tukuna. Sai Alhaji Garba ya tuna da dokar farko. "Mamman, wa ya tsaya ma wanga lamba? Hwaɗa mana sunan shi. Mu tahi mu same shi, shi kai mu wurin mutumen nashi, shi maimaita maganar nan ido da ido."

Kalma ɗaya ce ta rage tsakanina da tonon asiri. Babu wani aboki a Damari da zan kai su wurinsa. Ba dukan da zan iya sha na fi tsoro ba. Inna na tuna, mahaifiyata, da ranar da za a ce mata ɗan da ta haifa ne ya jefa wa ƙanen da ta goya wannan kalma. Na zauna da almakashi a hannu, ban san me nake yankawa ba.

Amsar Kawu gajeriya ce. "Ni na tsaya mashi. Kuma ba ni hidda shi. Wanda ya yi tambaya a zaure, a zaure za shi ga amsa."

Daga nan ya rufe zauren kwana uku, ba mai iya turo komai sai shi, shi ma ba ya cewa komai sai sallama da labarin hanya. A cikin kwanakin ya kai kansa wurin dattawan gari da masu tsaro, ya ce a bincike shi. Aka bincika, ba a sami komai ba. Amma zargi irin wannan ba ya fita da wanki ɗaya. Na ga da idona wani ya ja da baya a sahun masallaci don kada kafaɗarsa ta taɓa ta Kawu. Masu tsayawa gaisuwa a gindin bedi suka ragu. Cewar da ya yi shi ya tsaya wa lambar ma ta zame masa wani abin: wasu suka ce ai shi ya shirya abin da kansa, wasu suka ce yana rufa wa wani asiri. Na biyun sun yi gaskiya.

Amsar da ya yi alkawari ita ce bai girbe dawar ba. Ya ce hatsin da ya jawo wannan tambaya ba zai shiga rumbunsa ba. Baba Tanko ya ce zai kawo mutanensa su yanke masa a yini ɗaya, ya ƙi. Alhaji Garba ya taso tun daga Faskari ya same shi a tabarma, ya ce, "Mamman, kai mahaukaci ne? Don wani ɗan banza marar suna za ka bar ɗiyanka da yunwa?" Kawu ya miƙa masa ruwa. Dawar ta tsaya a gona tsuntsaye suna ci, ta kwanta gara ta hau ta, shanu suka ƙarasa sauran. Duk mai wucewa a titi ya gani. Maganar infoma ta mutu a wannan kakar, tare da abincin gidansa na shekara.

Har yau ban sani ba ko daidai ya yi. Yana da iyali, kuma ba su suka rubuta saƙon ba. Wani lokaci nakan ce taurin kai ne. Sai in tuna ba ni da bakin da zan auna hukuncin mutumin da ni na tura shi ga yanke shi.

Da rani ya tsaya, Inna ta sa aka auna buhun dawa daga rumbunmu, ta ce in kai wa ƙanenta. Ni na ɗaure shi a babur, ni na sauke a ƙofar gidansa. Ya yi godiya, ya sa albarka. Har na tada babur sai ya ce, "Sanusi. Ka gaida abokin nan naka na Damari. Ka ce mashi ƙohwa buɗe take."

Na ce, "Zai ji, Kawu."

Tun daga ranar bai taɓa sallamata ba tare da wannan saƙo ba. A shago, a wurin suna, a bakin masallaci. Ba da gatse ba, ba da kallon ƙasan ido ba, kamar dai yadda ake aika gaisuwa ga wanda aka daɗe ba a gani ba. Mutumin da ya kama hannuna ya koya mini rubutu, wanda ya karanta shafi biyu na fitilar zuciyata da bakinsa, ba ya buƙatar boka ya gaya masa wa ke rufe magana da irin waccan jimla. Bai taɓa tambayata sunan abokin ba, don ya san tambayar za ta tilasta mini ko dai in yi sabuwar ƙarya ko in faɗi gaskiya kafin in shirya. Ya bar mini in zo da ƙafata. Ni kuma kullum sai in ce zai ji.

Da ciwo ya kwantar da shi a kakar da ta biyo, na tsara yadda zan yi. Na ma rubuta jawabin: zan durƙusa, in kama ƙafarsa, hawaye su zuba, ya ɗago ni. Haka ake yi a babin ƙarshe. Na je da hantsi na tarar da Inna a gefensa tana yi masa fifita. Na gaishe shi, na zauna, jawabin yana aljihuna. Da na tashi tafiya ya buɗe ido da ƙyar ya ce in gaida na Damari. Na dubi Inna. Na ce, "Zai ji." Bayan kwana biyu ya rasu. A littattafan kwalina ba a taɓa barin jarumi ya makara haka ba.

Me Kawu zai ce da ya ga zauren yau? Ya cika ya batse. Admin, wato masu riƙon zaure, biyar ne, har da ni, don an ce jininsa ne ni. An daina tsaya wa kowa, duk wanda aka tura wa hanyar shiga sai ya faɗo. An daina karatun la'asar, kowa ya ce ba shi da lokaci, dattawan da ba sa karatu suka yi shiru ɗaya bayan ɗaya. Baba Tanko yana ciki har yanzu, amma rabon da a ji muryarsa an fi shekara. Cire mutum kuwa ya zama kamar korar ƙuda. A watan jiya na cire wani mutumin Sabuwa saboda ya yi wa wani baƙar magana a kan iri. Ban kira shi ba, ban san ko ƙofar gidansa ina take kallo ba.

Ba ina cewa hanyar Kawu ba ta da aibi ba. Da a yau wani zai turo irin abin da na turo, zan goge shi kafin ya kai kunne na biyu, kuma ina ganin haka ne daidai, domin rai ake magana. Amanar da ya riƙe ta karanta komai ita ta kai dafina har kunnen waɗanda ba za su taɓa ganinsa ba. Amma shi ya san abin da mu biyar ba mu sani ba: ya san kowace lamba mutum ce, mai uwa, mai ƙofar gida. Mu saƙo muke hukuntawa. Shi mutum yake jira.

Ranar da na cire mutumin Sabuwa ne, ina bin jerin sunaye, na ci karo da lambar Damari. Tana nan. Ba admin ɗin da ya taɓa ta, domin kowa ya tuna Kawu ya ce ba ya fitar da ita. Layin kuwa yana cikin kwalina, a tsakiyar wani littafi. Duk bayan 'yan watanni nakan sa shi a waya don kada ya mutu, ban taɓa tambayar kaina dalili ba.

Kafin in aiko da wannan rubutu jarida, na kai wa Inna. Ba ta karatu, saboda haka na zauna a gabanta da safe na karanta mata, ban ƙara ba, ban rage ba. Ba ta yi kuka ba. Da na gama ta daɗe tana kallon tafin hannunta, sannan ta ce, "Buhun nan, kai ka kai mashi?" Na ce ni na kai. Ta ce, "Ya sa maka albarka?" Na ce ya sa. Ta ce, "To." Ta tashi ta shiga ɗaki. Yau kwana shida tana amsa gaisuwata da kai kurum. Ban san ranar da za ta ƙara kiran sunana ba, kuma ba ni da ikon gaggauta ta.

Gonar Kawu wani ke noma ta yanzu. Babur ɗinsa an sayar, tabarmar ta mutu. Abin da ya rage nasa da na iya taɓawa shi ne wuri ɗaya a cikin zaure da ya hana a rufe, ya biya da sunansa da abincin 'ya'yansa, don wani matsoraci ya sami inda zai tsaya ranar da ya shirya. Na kira mutumin Sabuwa na ba shi haƙuri, na mayar da shi. Na gaya wa Alhaji Garba ya kasa kunne yau, akwai amsar tambayar da ya yi shekara biyar da suka wuce. Idan an sallame la'asar zan je gindin bedin nan, in sa layin a waya, in karanta wa zaure wannan takarda daga farko har ƙarshe, da muryar da kowa ya sani.

Allah ya jiƙanka, Kawu, ya sa ka tarar da ƙofa a buɗe kamar yadda ka bar wa wani. Gaisuwarka ta daɗe a hanya, amma ta isa Damari. Ya ji.